Batirin motar haibirid: shekara nawa naku ya yi kafin ku canza?

Abu Sadik:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masu hawa motar haibirid, wato mai aiki da fetur da lantarki tare. Na samu wata Toyota Prius ta 2012 ta hannu, mita na nuna kilomita 190,000, batirin kuma wanda ta fito da shi ne. Na zagaya da ita, lafiya lau take tafiya, amma duk wanda na gaya wa sai ya ce batirin yana dab da mutuwa. Da na bincika, babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa riƙe irin motar. Don Allah wanda ya riƙe ya faɗa mini: shekara nawa nasa ya yi, kilomita nawa, kuma me ya gani kafin ya gaza?

Baba Mai Tasi:
Wa alaikumus salam. Ɗana, tawa ta 2008 ce, da ita nake neman abinci, kullum tana kan hanya tun safe har dare. Batirin farko ya kai ni shekara 13, mita na kan kilomita 340,000 lokacin da ya gaji. Kuma bai mutu dare ɗaya ba, ya yi wajen wata biyar yana ba ni alama.

Abin da na fara lura da shi layukan nan ne masu nuna caji a allon mota. Da can sai su wuni a tsakiya, shuɗaye, da kyar suke motsi. Sai ya zamana in na sauko gangara sun cika sun yi kore, kafin in yi minti biyu a cunkoso sun zube sun koma layi biyu. Saurin cika, saurin ƙarewa. Daga nan injin ya daina hutawa in na tsaya a danja, shan mai ya ƙaru, fankar da ke baya ta riƙa ruri har fasinja na tambayata me ke kuka a gefen kujera. Ranar ƙarshe jar alamar nan mai kusurwa uku ta kama. Na sa sabo dungurungum, yau shekara huɗu ban sake jin komai ba.

Abu ɗaya da na kiyaye tun farko: ba na barin giya a N cikin cunkoso. A N batirin ba ya samun caji, esi kuwa daga jikinsa yake sha.

Maman Ilham:
Ni nawa labarin ya sha bamban da na Baba, kuma har yau yana yi mini ciwo. Motata ba ta wahala ba ko kaɗan: kai yara makaranta, zuwa ofis, dawowa. Shekararta 11, kilomita bai kai 90,000 ba. Aiki ya kai ni wani wuri na wata bakwai, na lulluɓe ta na ajiye a fili, rana na dukanta. Da na dawo ta tashi, amma ko sati biyu ba a yi ba fitilun gargaɗi suka cika gabana. Aka duba aka ce babban batirin ne. Na yi ta mamaki, ta yaya motar da ba ta aiki za ta riga ta masu haya lalacewa?

Bakanike:
Hajiya, abin da ya same ki shi ne abin da na fi gani a wajen aiki. Mutane mita suke kallo, alhali shekaru da zafi da zaman banza sun fi tafiya cin batirin nan.

Bari in buɗe muku cikinsa. Batirin Prius na 2004 zuwa 2015 ba dunƙule ɗaya ba ne. 'Ya'ya 28 ne a jere kamar littattafai a kanta, kowane bolt 7.2, jimla bolt 201.6, irin na nikel da ake kira NiMH. Na Camry haibirid ta wancan lokaci 'ya'ya 34 ne. Kwamfutar motar ba ta barin su cika maƙil, ba ta kuma barin su ƙare tas, tana riƙe su tsakanin kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari. Wannan ne sirrin daɗewarsu. Layukan da Baba yake gani a allo wannan ɗan tsakanin suke nunawa, ko sun cika batirin bai cika ba.

To shi nikel in an ajiye shi yana zubar da caji da kansa, kuma 'ya'yan ba sa zubarwa daidai. Wani ya sauka sosai, wani ya sauka kaɗan. Kwamfuta tana auna su bibbiyu, rukuni 14, in ta ga wani rukuni ya yi nisa da 'yan'uwansa sai ta jefo lambar P0A80, ma'ana a canza batir. Motar da ke fita kullum tana motsa su tare, shi ya sa suke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Da an samu mai kunna motarki ta zauna a READY, wato a kunne a shirye da tafiya, na kamar rabin awa duk sati ɗaya ko biyu, ko ya ɗan zaga da ita, da wataƙila kin ƙara samun wasu shekaru.

Sai zafi. Iskar da ke sanyaya batirin daga cikin mota ake jan ta, ta wata 'yar taga mai raga a gefen kujerar baya. Na sha cire fanka in tarar da fikafikanta sun daskare da ƙura da gashi da zaren tufafi, kamar an liƙa musu auduga. Wata mota kuwa matashin kai na tarar an jingina a kan tagar, shekara da shekaru. In na buɗe irin waɗannan, kusan kullum 'ya'yan tsakiya ne suka fara mutuwa, don su zafi ya fi taruwa a kansu. Kuma ku sani, esin da kuka kunna ba ku kaɗai yake sanyayawa ba, har da batirin.

Ina roƙon kowa: duk wayar da kuka gani mai ruwan lemu kada ku taɓa. Bolt 200 yana kisa. Fanka da raga mai mota zai iya sa a share masa, amma buɗe akwatin batir sai wanda ya san aikin, da safar hannu ta lantarki.

Abban Khairat:
Malam Bakanike ya faɗi gaskiya, ni kuma ga abin da na gani da canza 'ya'ya ɗaiɗai. Lokacin da nawa ya fara, a shekara ta 12, wani mai gyara ya ce ɗa biyu ne kawai suka mutu, zai musanya su. Na yi murna don kuɗin kaɗan ne. Wata huɗu lafiya, alama ta dawo. Ya canza wani ɗaya. Wata biyu, ta sake dawowa, wannan karon ina kan babbar hanya da iyali, mota ta rasa ƙarfi a hawan tudu, da kyar na gangara gefe. Ashe sauran 'ya'yan ma duk tsararraki ne, tare suka tsufa, ka gyara wannan wancan ya faɗi. Sau uku aka buɗe batirin nan cikin shekara ɗaya kafin na haƙura na sayi sabo. Ban ce faci ba shi da amfani ba, in mutum wata shida kawai yake so ya ja da motar. Amma wanda zai riƙe ta shekaru, ya tara kuɗin sabo.

Ummu Haidar:
Kafin kowa ya tsorata, a fara duba ƙaramin batirin, mai bolt 12. Wata safiya tawa ta ƙi shiga READY, fitilu na ta walƙiya, har na fara lissafin kuɗin babba. Ƙaramin ne kawai ya yi sanyi, yana can cikin but ta gefen dama. Shi ke tada kwamfuta, in ya raunana motar takan nuna abubuwan da babu su. Babban nawa shekararsa 10, yana nan daram.

Malam Nazari:
Ga abin da kamfanin da kansa ya yarda ya ɗauka. A Amurka garantin Toyota kan batirin haibirid shekara 8 ne ko mil 100,000, wajen kilomita 160,000, jihohi irin su Kalifoniya kuma shekara 10 ko mil 150,000. Daga motocin 2020 suka mayar da shi shekara 10 ko mil 150,000 ga kowa, kusan kilomita 240,000 ke nan. Kamfani ba ya ba da garantin abin da yake tsammanin zai mutu kafin wa'adi. A 2011 ma mujallar Consumer Reports ta gwada wata Prius ta 2002 da ta haura mil 200,000 da batirinta na asali, ta tarar shan manta kusan daidai yake da na sabuwar da suka gwada shekaru goma baya. Tawa Camry ce ta 2015, kilomita 210,000, ban taɓa batirin ba. A inuwa take kwana, a inuwa take wuni.

Baba Mai Tasi:
Abu Sadik, in za ka koma, ka kunna ta, ka bar giya a P, ka sa esi da ƙarfi, ka zuba wa layukan ido. Mai lafiya zai ɗauki mintuna yana sauka a hankali kafin injin ya tashi. In ka ga sun zube nan take, ka san ya kusa.

Bakanike:
Ƙari a kan na Baba: ka tafi da 'yar na'urar OBD2, mai karanto bayanan kwamfutar mota, da ake haɗawa da waya, ka kalli rukunan 14 yayin da wani ke tuƙi yana taka mai. Kuma ka tambayi mai ita wata nawa ta yi a ajiye. Shekarunta sun riga sun wuce na garanti, don haka ko ta nuna lafiya, ka sa kuɗin batir a lissafinka wajen ciniki.

Abu Sadik:
Allah ya saka muku da alheri, na dawo daga wajen motar. Gwajin esi ta yi shi da kyau, layukan a hankali suka sauka. A na'ura rukuni 13 suna tafiya tare, ɗaya na tsakiya yana ɗan faɗuwa ƙasa da saura in an taka mai, sannan ya dawo. Mai ita ya ce kullum yake zuwa aiki da ita, ba ta taɓa zama ba. Na haska fitilar waya cikin tagar gefen kujera, ragar ta yi toka-toka da ƙura, ya ce bai ma san akwai fanka a wajen ba. Mun yi ciniki ya rage mini saboda batirin. Gobe da safe za a cire fankar a wanke. Malam Bakanike, zan turo maka hoton abin da na'urar ta nuna bayan wata ɗaya, ka duba mini wannan na tsakiyar.