Tambaya: ina zan samu kayan koyar da ilmin falaki da ba sa cinye kuɗin intanet?

Malam Sani, Zango

Assalamu alaikum. Ina koyar da darussan kimiyya a wata kwaleji a nan cikin Damagaram, kuma shugaban makarantarmu ya amince mu kafa ƙungiyar ɗalibai masu sha'awar sararin samaniya, wadda za ta riƙa haɗuwa da yamma bayan an tashi daga aji. Littattafan da ke hannunmu ba su wuce zanen rana da duniyoyi takwas da ke kewaye ta ba, kuma yaran suna da tambayoyin da suka zarce wannan zane nesa ba kusa ba. Abin da muke da shi shi ne tsohuwar kwamfuta guda ɗaya da wayoyin salula na malamai, wuta tana zuwa tana ɗaukewa, kuma ba mu da na'urar hangen nesa. Shafukan da na ci karo da su yawancinsu bidiyo ne masu nauyi cikin Ingilishi, alhali ɗalibanmu da Faransanci suke karatu, da Hausa suke tunani. Ina roƙon waɗanda suka riga ni shiga wannan fage su nuna mini abin da suka gwada ya yi aiki a irin yanayinmu. Akwai kuma iyayen da suka fara tambaya ko duba za mu koya wa 'ya'yansu, ina neman shawarar yadda zan amsa musu.

Malama Rakiya, Sabon Gari

Wa alaikumus salam, Malam Sani. Shawarata ita ce ka daina neman shafin da za ka riƙa buɗewa kullum, ka nemi abin da ake saukewa sau ɗaya ya zauna a cikin kwamfuta. Wanda ya fi kowanne a wannan fanni shi ne Stellarium, manhaja ce ta kyauta wadda wani Bafaranshe mai suna Fabien Chéreau ya fara rubutawa a 2001, tana magana da Faransanci, kuma da zarar ta shiga kwamfuta ba ta sake neman intanet. Abu na farko da za ka yi shi ne ka gaya mata inda kake: Zinder tana kan digiri 13.8 arewa da layin da ya raba duniya biyu, da kuma wajen digiri 9 gabas. Daga nan za ta nuna maka sama kamar yadda take a kan rufin makarantarku a kowace sa'a ta kowane dare, na bara ko na baɗi, kuma kana iya gaggauta lokaci yara su ga taurari suna fitowa daga gabas suna faɗawa yamma cikin minti ɗaya.

Amma kada ka bar su a gaban allon kwamfuta. Amfanin manhajar shi ne ka shirya da ita da rana, da dare kuma a fita fili a nemo abin da ta nuna. Matsayin garinmu yana da wata falala da malaman Turai ba su da ita, domin muna ganin saman arewa da babban rabo na saman kudu. Tauraron arewa, wanda ba ya gusawa daga wurinsa, yana tsaye a wajen digiri 14 bisa ƙasa, wato daidai da nisanmu daga layin da ya raba duniya biyu, kuma wannan kaɗai darasi ne cikakke: wanda ya tafi Agadas zai same shi ya ƙara tashi da kusan digiri 3, wanda ya gangara Kano zai same shi ya sauka. A watannin Janairu da Fabrairu Suhailu, tauraro na biyu wajen haske a duk saman dare, yana bayyana a kudu bayan isha'i, shi kuwa mutumin Paris ba ya ganinsa ko kaɗan. Sai dai ka lura da hazon hunturu, wanda kan shafe duk abin da ke ƙasa-ƙasa. Daren da ya biyo bayan ruwan sama a damina ya fi kowanne tsabta.

Bayan Stellarium, jami'ar Kolorado ta Amurka tana da tarin gwaje-gwaje na kwamfuta da ake kira PhET, an fassara su zuwa Faransanci kuma ana iya sauke su. Akwai guda a cikinsu da ke barin yaro ya ƙara wa rana nauyi ko ya kashe ƙarfin jan da ke riƙe da duniya, ya ga yadda za ta saki hanyarta ta miƙe. Manhajar Kiwix kuma tana ba ka damar ajiye Wikipedia ta Faransanci ko ta Hausa a katin waya. Don shirya darasi kuwa, ƙungiyar malaman Faransa da ake kira CLEA da gidauniyar La main à la pâte suna da takardun aiki masu yawa waɗanda ba sa bukatar komai sai sanda da igiya da ma'aunin kusurwa.

Daga cikinsu wanda na fi so shi ne awon Eratosten, masanin da ya zauna a Iskandariya fiye da shekara 2,200 da suka wuce, ya kwatanta inuwar tsakar rana a garinsa da ta Aswan, ya samu bambancin kashi ɗaya cikin 50 na da'ira, ya fitar da girman duniya daga nan. Mu nan abin ya fi sauƙi, domin rana tana tsayawa daidai bisa kanmu sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, har sandar da aka kafa a miƙe ta rasa inuwa jim kaɗan bayan ƙarfe 12 da minti 20. Idan ka samu wani malami a Agadas ya auna inuwar tasa sandar a tsakar ranar garinsu, zai samu kusurwar da ta ɗan haura digiri 3, tazarar da ke tsakaninmu daga kudu zuwa arewa kuma wajen kilomita 350 ce, lissafin zai kai ɗalibanka kusa da kilomita 40,000. Saƙon WhatsApp guda ɗaya ne duk intanet ɗin da wannan aiki yake ci.

Malam Ibrahim, Birni

Allah ya saka wa Malama da alheri. Ni almajiri ne, ba malamin boko ba, zan yi magana ne a kan tambayar iyaye, domin na ga an wuce ta. Malam Sani, amsar tana cikin zaurukan garin nan. Malamanmu sun daɗe suna karantar da manzilolin wata guda 28, suna raba shekara a kansu, kowace manzila kwana 13 in ban da guda ɗaya mai 14, jimla 365, kuma da su ne manomi ke sanin inda damina ta kai idan aka ce ana cikin Nasara ko Ɗarfa ko Jabha. Da inuwa ake gane shigar azahar da la'asar tun kafin agogo ya zo. Wannan lissafin tafiyar rana da wata ne, ba shi da haɗi da mai cewa tauraronka ya nuna za ka yi arziki ko za ka auri wance. Idan ka gayyaci wani dattijo da ya san manziloli ya zauna da ɗalibanka dare ɗaya, iyaye za su natsu fiye da yadda kowane dogon bayani zai natsar da su.

Wani ɗana ya sanya mini Stellarium ɗin nan a waya, kuma na ga a ta kwamfuta ana iya sauya sunayen taurari zuwa na Larabawa. Na nemi Surayya, wadda muke kira kaza da 'ya'yanta, na same ta inda na san ta, tana ɓacewa cikin hasken rana a watan Mayu, tana sake fitowa da asuba a cikin Yuni. Abin da ya ja hankalina shi ne idan aka mayar da shekarun baya da dubu guda, ranar fitowarta tana matsawa da kusan mako biyu, saboda taurari suna gusawa da digiri ɗaya cikin kowace shekara 72 idan aka auna su da lokutan shekara. Ke nan jadawalin da muka gada a rubuce da abin da ido ke gani a yau ba lallai su dace kwana da kwana ba, kuma ina ganin wannan bincike ne da ya cancanci ɗalibai su yi shi tare da malaman zaure, cikin ladabi.

Ga kuma wani aiki da kowane uba zai yi murna da shi. A ranar 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10 da minti 18 na safe agogon Nijar, da kuma 15 ko 16 ga Yuli da misalin ƙarfe 10 da minti 27, rana tana tsaye bisa Ka'aba, don haka duk wanda ya fuskanci rana a wannan lokaci ya fuskanci alƙibla. Gargaɗina guda ne, a kan jinjirin wata. Manhaja tana iya gaya maka inda yake da tsayinsa bayan faɗuwar rana, kuma masana sun tabbatar cewa wanda bai kai awa 15 da haihuwa ba da wuya ƙwarai ido ya kama shi, amma kada yara su ɗauki waya su shiga gari suna sanar da azumi ko salla. Wannan hukunci yana da masu shi.

Abdul-Karimu, ɗalibin jami'a

Gaisuwa ga iyayena malamai. Ina neman afuwa zan ɗan saɓa wa Malama Rakiya a wuri ɗaya: akwai abubuwan da suka cancanci a kashe musu kuɗin intanet ko da sau ɗaya a mako, domin kimiyyar sararin samaniya ba kallon sama kaɗai ba ce, har da kallon ƙasa daga sama. Hukumar NASA, mai binciken sararin samaniya ta Amurka, tana da shafi mai suna Worldview da ke nuna hoton duniya na kowace rana daga taurarin ɗan'adam. Idan Malam ya buɗe shi a ranar da hazo ya rufe Damagaram, ya koma baya kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa zai ga farar ƙura tana tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, wanda ake lissafa shi a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, iska tana koro ta zuwa wajenmu. Ana ɗaukar hoton allon a ajiye, a tura wa sauran malamai ta Xender ba tare da an sake biyan ko dala ba. Daga nan sai a yi wa yara bayanin Meteosat, tauraron ɗan'adam mai sa ido kan yanayi, da ke tsaye a wajen kilomita 36,000 bisa Afirka, da cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda tun 1974 take aikin sa ido kan damina da amfanin gona a ƙasashen Sahel, su san cewa akwai aikin yi a wannan fanni a cikin ƙasarsu.

Shafin Heavens-Above kuma rubutu ne kusan zalla, ba shi da nauyi, yana ba da minti da kusurwar da tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa za ta bi ta kan gari. Tana tafiya a wajen kilomita 400 bisa ƙasa, tana kewaye duniya cikin kusan minti 90, ana ganinta da ido kamar tauraro mai haske da ba ya ƙyaftawa. Idan malami ya ce za ta fito daga arewa maso yamma da ƙarfe kaza kuma ta fito, ya gama samun ajin. Kada kuma a manta da labarin dutsen duniyar Mirrihu, wato Mars, mai nauyin kusan kilo 25 da aka tsinta a jihar Agadas a 2023, aka sayar da shi a New York a Yulin 2025 kan dalar Amurka fiye da miliyan 5, har gwamnati ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar. Wani irinsa ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina a 1962.

Malam Sani, Zango

Na gode muku gaba ɗaya, musamman Malam Ibrahim, Allah ya ƙara girma. Saura tambaya guda. Manyanmu suna yawan ba yara labarin husufin rana na 29 ga Maris 2006, wanda duhunsa ya ratsa ƙasar nan, kuma na ji ana maganar wani a 2027. Shin za mu gan shi a nan, kuma da me za a kalla?

Malama Rakiya, Sabon Gari

Za mu gan shi, Malam, amma ba cikakke ba. Ranar 2 ga Agusta 2027 ne, cikakken duhun zai bi ta arewacin Afirka, ya wuce minti 6 a wajen Luksor ta Masar, ya ratsa Jidda da Makka. Mu nan wani sashe na rana ne kawai wata zai rufe, kuma da yake tsakiyar damina ce, gajimare na iya shiga tsakani. Ka sanya wannan kwanan wata a Stellarium, za ta ba ka lokacin farawa da na ƙarewa a Zinder, ka bar ɗalibai su nemo da kansu. Game da kallo, ka hana su tun yanzu amfani da baƙin tabarau ko gilashin da aka shafa wa hayaƙi ko tsohon hoton asibiti, domin duk suna barin hasken da ke ƙona ido ya wuce ba tare da mutum ya ji zafi ba. A huda ƙaramin rami a kwali, a juya wa rana baya, a bar haskenta ya faɗa kan farar takarda. Rariyar kicin ma tana yin wannan aiki, kowane rami ya ba da nasa hoton. Gara ku fara gwada kwalin tun wannan zangon karatu a kan rana cikakkiya, ku auna faɗin da'irar hasken da nisanta daga ramin, za ku samu nisan ya ninka faɗin sau 100 da 'yan kai, wanda shi ne gwargwadon nisan rana da faɗinta.