Wace kalma za mu sa a gurbin "contre-emploi"?

Ƴan uwa, ga wata kalma da ta tsaya mini a wuya tun daren Asabar. Muna zaune a fadarmu nan unguwar Zariya, shayi na kan wuta, sai ƙanena ya miƙo waya yana nuna mana Liam Neeson a fim ɗin barkwancin da ya yi a 2025. Kun san mutumin: shi ne uban da ya bi masu satar ƴarsa har cikin Paris a Taken, a 2008, murya ƙasa-ƙasa, fuska ba annuri. To ga shi ya fito ɗan sanda mai shirme, yana aika-aika iri-iri, kuma fuskar nan dai ita ce, ko gezau. Muka yi ta dariya har shayi ya kusa ƙonewa. Ƙanen nawa, da yake ɗan jami'a ne, ya ce ai wannan shi Faransawa ke kira contre-emploi. Kawunmu da ke kishingiɗe kan tabarma ya ɗago kai ya ce, "Kai yaro, mi kenan da Hausa?" Duk muka yi tsit.

Ma'anar dai ba ta da wuya. A gidan wasan kwaikwayon Faransa, emploi shi ne irin gurbin da aka san ɗan wasa da shi: wannan kullum sarki, wancan kullum bara, waccan kullum budurwar da ake nema. Mu ma haka muke yi, muna cewa wane bos yake fitowa, wance uwa take fitowa. Idan aka ɗauki mutum da gangan aka ba shi kishiyar abin da aka san shi da shi, shi ne kalmar ke nufi.

Wanda ya fara ba da shawara cewa ya yi a kira shi camama kawai. Ban yarda ba. Camama sunan nau'in fim ne sukutum, irin wanda marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi suna da shi har ya rasu a 2014. Ibro ba ya cikin wannan maganar ko kaɗan, domin tun kafin ya buɗe baki an riga an shirya dariya. Abin da muke nema ma suna shi ne lokacin da wanda ba a taɓa tsammanin dariya daga gare shi ba ya ba da ita.

Sai wani ya ce "sauya hali". Nan ne na daɗe ina gardama, don a ganina wannan kalmar ta ɓata sirrin abin gaba ɗaya. Ku dubi Leslie Nielsen, ɗan Kanada, wanda ya fito ɗan sanda mai shirme a tsofaffin finafinan, Neeson kuma ya fito a matsayin ɗan wannan ɗan sandan a sabon. Ya shafe sama da shekara 20 yana fitowa kwamanda, likita, kyaftin ɗin jirgin ruwa, mutum mai kwarjini. A 1980 aka sa shi likita a Airplane!, kuma abin da masu fim ɗin suka so daga gare shi shi ne kada ya sauya komai. Ya faɗi maganar banza da muryar da yake sanar da mutuwa. Da ya yi ƙoƙarin zare ido ko murguɗa baki irin na ƴan kama, da abin ya mutu nan take. Dariyar tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin nauyin fuskarsa da wautar da ke kewaye da shi. To ina halin da ya sauya?

Mu da muka tashi da finafinan Indiya mun ga irinsa tun da daɗewa. Amita, wanda tun Zanjeer a 1973 aka san shi da fushi da naushi, shi ne a Amar Akbar Anthony na 1977 ya tsaya gaban madubi bayan ya sha kashi, a buge, yana yi wa hotonsa faɗa, har ya manna filasta a jikin madubin maimakon fuskarsa. Yayana har yau in ya tuna wurin sai ya riƙe ciki. Ya ce abin da ya kashe shi shi ne yadda Amita ke lallashin madubin da gaske, kamar mai jinyar ƙanensa.

Wani mushe, wato malamin makaranta, da ke zama da mu ya kawo "rigar aro". Ta yi daɗin faɗi, na yarda, kuma na kwana ina juya ta. Amma Bahaushe in ya ji aro, abin da ke zuwa masa shi ne zanen aro ba ya rufe katara, wato abin bai dace da mai shi ba, za a gane, za a ji kunya. Alhali mu muna magana ne a kan wasan da ya zauna daram. Sai dai rigar mushe ce ta kai ni ga abin da nake so in gabatar.

Ni dai na tsaya a kan "fitowar baibai".

"Fitowa" tana bakin kowa, ba sai an koya wa mai kallo ba. "Baibai" kuwa, duk wanda ya taɓa zura riga cikin duhun asuba ya fita masallaci ya san ta: yadin shi ne, ɗinkin shi ne, mai rigar shi ne, ciki ne kawai ya koma waje, kuma duk wanda ya gan ka sai ya sake dubawa. Haka ɗan wasan yake. Kwarjinin da ya tara shekara da shekaru bai jefar da shi ba, juya shi aka yi aka nuna mana ɗinkin.

Wani abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne kalmar tana aiki ta kowane ɓangare, kamar yadda ta Faransancin ke yi. Coluche, wanda Faransa duka ta sani da ban dariya, ya fito a Tchao Pantin a 1983 a matsayin mai sayar da mai da dare, mashayi, mai baƙin ciki, har ya ci kyautar César, babbar kyautar finafinan Faransa, a 1984. Ba za ka ce ya yi camama ba, amma za ka ce ya yi fitowar baibai, magana ta zauna.

Akwai suka ɗaya da ƙanena ya yi, kuma tana da nauyi. Ya ce, "Yaya, ai in an ce an fahimce ka a baibai, kuskure ake nufi." Gaskiya ne, kalmar na ɗauke da ƙanshin kuskure. Amma mai kallo ma a minti na farko abin da yake ji kenan: anya ba a yi kuskuren ɗauko wannan mutumin ba? Sai daga baya ya gane da gangan ne. Ina ganin wannan ɗan ƙanshin ba aibi ba ne, yana cikin ma'anar.

Na gwada ta a jimla don in ji ko za ta tafi: "Darakta ya ba shi fitowar baibai." "Wance ba ta taɓa fitowar baibai ba, kullum kuka take." Harshe bai yi tuntuɓe ba. Na maimaita wa kawu jiya bayan isha'i, ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "To, wanga na gane shi."

Mutanen Damagaram da Tawa da ƴan uwanmu na Katsina da Kano, musamman masu harkar fim da ƴan wasan rediyo, in akwai abin da kuke cewa a bakin aiki idan za a ba bos wasan wawa, ku faɗa mana, don wadda ake amfani da ita ta riga tawa.