Wai fast na azumi da fast na gudu kalma ɗaya ce?

Maman Ilham: Salam jama'a, dan Allah a warware min wannan. Jiya ina duba wa Ilham aikin gida na turanci, a shafi ɗaya an rubuta the car is fast, a na gaba kuma Muslims fast in Ramadan, sai ta ɗago kai ta ce Mama me ya haɗa mota da azumi. Na ce mata kalmomi biyu ne daban, rubutun ne kawai ya zo ɗaya, amma maƙwabciyata ta dage wai asalinsu ɗaya, ni dai ban yarda ba.

Abba: Ai kin yi daidai Anti. Kamar garin tuwo ne da garin Kano, rubutu ɗaya ma'ana daban. Mai azumi da la'asar ko tashi da ƙyar yake yi, ina shi ina sauri.

Malam Habu: Hajiya maƙwabciyarki ce da gaskiya. A tsohon turancin Ingila, wanda ake yi kafin Normawa daga arewacin Faransa su ci ƙasar a 1066, kalmar tana nufin abin da ya kafu daram ko aka riƙe shi gam. Shi ya sa har yau a jirgi ake cewa fasten your seat belt, wato ɗaure bel ɗinka tam, kuma fast asleep wanda barcinsa ya yi nauyi ne, ba wanda ya yi saurin barci ba, ɗalibaina kullum a nan suke faɗuwa wallahi. Toh azumi kuma ai riƙo ne, ka kame bakinka ka riƙe dokar gam, daga nan sunan ya fito. Breakfast ma karya azumin dare kenan, kamar yadda muke cewa karin kumallo.

Abba: Malam na azumin na ji, ya shiga. Amma abin da ya kafu daram ai kishiyar gudu ne, ta ina suka haɗu?

Malam Habu: Ta wajen ƙarfi Abba. Da can in an ce run fast ana nufin mutum ya dage ya yi gudu da ƙarfinsa ba sassauci, wanda ya yi haka kuwa dole ya yi sauri, a hankali ma'anar saurin ta rufe ta dagewar. Jamusawa har yanzu suna da fest, kuma tana nan a ma'anarta ta kafuwa.

Sadiya: Yaya Abba ba ita kaɗai ba ce fa, quick ma da can mai rai take nufi, shi ya sa suke ce wa zaiba quicksilver, azurfa mai rai, saboda yadda take gangarawa in ta zube.

Abba: Asali dai na yarda, amma yau Bature in ya ce fast car ba ya tuna azumi, a bakinsa biyu ne, kuma yarinyar firamare in aka ce mata ɗaya ne za ta rikice a jarabawa.

Maman Ilham: Ilham ba za ta rikice ba, ita ce ma ta fara lura. Malam na gode, in ta dawo daga islamiyya da misalin bel ɗin nan zan fara mata.