Musayar Waƙa: Hleb, Gwanin Yanka Mai Rowar Duka

Baban Tsakiya: Salamu alaikum jama'a. Batun yau Alexander Hleb ne, ɗan Belarus da ya taka leda a Stuttgart da Arsenal da Barcelona. Ga harsashi na ɗora. Mai ja ya ja, amma da baiti.

Minsk ce mahaifa, 1981 shekarar haihuwa,
Ninƙaya da wasan lanƙwasa jiki ya fara gwadawa,
Can ya samo ƙugun nan mai saurin juyawa.
A BATE ta Borisov, 1999, suka lashe lig ba tsayawa,
Stuttgart ta saye shi a 2000, da rahusa ba tsawwalawa,
Shi da ƙanensa Vyacheslav tare suka yi tsallakawa.
Magath ya horar da shi, horon da ba sassautawa,
2003 na biyu a Bundesliga, Bayern kaɗai ta yi wucewa.
Balakov ya aje takalmi, gurbinsa Hleb aka miƙa wa,
Manchester United ta zo a Oktoba, ta sha 2-1, sai komawa.

Ɗan Autan Gidan Kallo:

Baba, na ji tarihi, amma ban gamsu ba.
Wasa 89 na lig a Arsenal, ƙwallo 7, bai ƙara ba.
Ya yanke uku ya shiga da'ira, gola bai shirya ba,
Duk filin na ihun "Buga!", shi kuwa bai buga ba,
Sai ya waiga neman Fabregas, ko Fabregas bai nema ba.
Ɗan tsakiya mai jin kunyar raga, ni ban gane masa ba.

Hajiya Mai Alli:

Ƙanena, ka auna mutum da mudun aikinsa,
Fitar da ƙwallo daga matsi, ita ce sana'arsa.
Yana karɓa a karkace, kafaɗa na tare mai binsa,
Taɓi gajere-gajere, ƙwallo ba ta nisan taku da ƙafarsa,
Cikin ƙafa, bayan ƙafa, dama da hagu duk nasa,
Safa a zube bisa ƙwauri, ana gane shi daga nesa.
In mutum biyu suka taru a kansa, to ya cika burinsa,
Don wani ya saura ba mai tsaro, can zai aika saƙonsa.
Wenger ya sa shi dama a 2005, ba nan ba ne gurbinsa,
Sai ya riƙa karyowa ciki, Eboue ko Sagna ya hau layinsa.
Fasin da ke haifar da fasin ci, ba a rubuta shi da sunansa.
San Siro, Maris 2008, minti na 84, Milan ta san labarinsa:
Shi ya miƙa wa Fabregas, ya zabga ta ƙasa-ƙasa.

Malam Na Kan Layi:

Hajiya, ki ba ni wuri in saka Faris a tsakiya.
17 ga Mayu 2006, Barcelona ce abokiyar hamayya,
Minti na 18 Lehmann ya ga jan kati, lissafi ya juya,
Pires aka cire don Almunia, Hleb aka bari ya sha wuya,
Don mutum 10 sai da mai riƙe ƙwallo, ya hutar da 'yan baya.
Campbell ya ci da ka, Eto'o ya farke, Belletti ya rufe gaba ɗaya.
Ɗan Belarus na farko a wasan ƙarshen Zakarun Turai, ba jayayya.

Ɗan Autan Gidan Kallo:

To in haka ne Malam, me ya kai shi benci?
Yuro miliyan 15 Barcelona ta biya a 2008, Guardiola ne koci,
Wasa 19 a La Liga, har kaka ta ƙare babu ci.
Kofi uku a 2009, amma daren wasan ƙarshen Zakarun Turai a Rum kallo ya yi, abin takaici.

Baban Tsakiya:

Tambayar ta yi kyau ɗana, zauna ga amsarka.
A 4-3-3 na Guardiola gurbi uku ne a tsakiya, ƙirga da yatsunka:
Xavi da Iniesta biyu, Toure ko Busquets na uku, ina za ka saka?
Gefe na Messi da Henry ne, aikinsu kutsawa da duka.
Can taɓi ɗaya ne ko biyu, ka saki, ka tsaya a wurinka,
Shi ko ya saba taɓi biyar, ya bar gurbi ya tsallaka.
Abin da ke jawo tafi a Landan, a Kamp Nou laifi ne a kanka.
Ga raunin idon sawu da ya same shi tun farkon kaka,
Kafin ya warke an rabe wurare, sai jiran a kira ka.
Shi da bakinsa ya ce barin Arsenal kuskure ne, ba shakka.

Malam Na Kan Layi:

Inter ta neme shi a 2009, ya ƙi ta,
Ya koma Stuttgart aro, Inter ta kwashe kofi uku a 2010 abinta.
Birmingham ta karɓe shi aro, 2011 ta je wasan ƙarshen League Cup a Wembley da ƙarfinta,
Arsenal ta sha 2-1, Koscielny da Szczesny suka rikita,
Obafemi Martins namu ya zura a minti na 89, ya gama ta,
Hleb kuwa yana gefe, rauni ya hana shi fita.
Wolfsburg, Samara, Konya, Ankara, duk ya ziyarta.
Amma Oktoba 2012 a Minsk, ya dawo BATE, ta ba Bayern 3-1, ku riƙe ta,
Bayern ɗin da ta ɗaga kofin Turai a ƙarshen kakarta.
Wasa 80 ga Belarus, ƙwallo 6, gwarzon shekara sau 6 a cikinta,
Isloch ce tasha ta ƙarshe, 2019 ya huta.

Ɗan Autan Gidan Kallo:

Na karɓi rabi, iyayena, rabi na nan a hannuna.
Afrilu 2008, Liverpool a Emirates, shi ke cin raina:
Ya ratsa 'yan baya ya shiga da'ira, daidai yadda Hajiya ta nuna,
Kuyt ya finciko shi ta baya, alƙali ya ce babu, haba 'yan'uwana!
1-1 aka tashi, Anfield 4-2, Arsenal ta naɗe tabarma ta zauna.
Fanareti ne, ban musa ba, amma da ya buga da wuri, da ba mu wannan magana.