Musayar baiti kan faifan Afrique Victime

Ɗan Mabera: Jama'a wanga faifai na Mdou Moctar ne, Ba'abzinen nan na yankin Tawa, kamfanin Matador na Amurka ya fitar da shi 2021, wanda ya saurara shi zo mu gwabza amma da baiti kawai, amsa-amo "wa". Ni na buɗe:

Da hannun hagu shika kaɗa jita,
In ta yi kuka ƙafa ba ta tsayawa.
Ganga na bin ta a guje ba hutu,
Tun daga waƙar fari Chismiten nike yabawa.

'Yar Runjin Sambo:
Yaya na ji kiɗi, ina magana?
Abzinanci shikai, ban ganewa.
Jita na bisa murya na ƙasa,
Waƙa guda minti 7, akwai gajiyarwa.

Kawu na Illela: Ɗiyata kin yi sauri.

Waƙar da kika ce ta yi tsawo,
Kukan Afirka ne shika rerawa.
Abin da 'yan mulkin mallaka sunka bari,
Minti 7 bai isa faɗawa.
Ki koma ki ji Tala Tannam da dare,
Nan ya sassauta, zuciya na kwantawa.

Ɗan Mabera: Kawu Allah shi ja kwana, ka gama da ita wallahi 😂

'Yar Runjin Sambo:
Bai gama ba Yaya, ina nan daram,
Tala Tannam kam ba ni musawa.
Amma sauran salon guda ne,
Ta uku da ta biyar ban rarrabewa.

Mai Gyaran Waya Marina: ku tsaya ku ji, ni tun zamanin memori da Bulutut nike tura ma mutane waƙoƙinshi, kuma da yawa ba su san faifanshi na fari Anar nan Sakkwato anka ɗauke shi 2008 ba, da otocun, gyaran muryar nan na kwamfuta irin na waƙoƙin finafinanmu.

Yaron da ya haɗa jita da kanshi,
Wayar birkin keke ya ɗaura yana bugawa.
Nan garin ya zaka ya shiga situdiyo,
Yau Amurka da Turai shika zagayawa.
Ƙorafina guda, kiɗin ya yi nauyi,
Kamar an auna shi da kunnen Turawa.

Kawu na Illela:
Mai bes ɗinshi Ba'amurke ne, gaskiya,
Shi ya haɗa sautin, ba a ɓoyewa.
Amma ka kasa kunne ga tafin,
Na bikin Agadas ne, ba a sayowa.

'Yar Runjin Sambo:
To Kawu na ba jita tara cikin goma,
Murya biyar, ba ni ƙarawa.
Mai Waya gobe ina tahowa shago,
Ka sa min Anar, ita nike son gwadawa.

Mai Gyaran Waya Marina: ki zo bayan la'asar in an kawo wuta, turawa ɗari biyu ce ba bashi.