Rasuwar Malam: kowa ya faɗi abin da ya sani

Tsohon ɗalibi, Birnin Kebbi:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Malam, tsohon hedimastanmu, rasuwa daren jiya a Argungu bayan doguwar jinya, an kuma yi jana'izarsa da safe. Duk wanda ya zauna gabansa a aji ko ya zauna da shi a unguwa, ya faɗi abin da ya gani da idonsa, don iyalinsa su karanta.

Abokin aikinsa, mai ritaya:
Tare muka fito daga kwalejin horon malamai, daidai lokacin da aka buɗe UPE, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976. Yara sun yi ta kwararowa, ajujuwa ba su isa ba. Aka tura shi wani ƙauye a ƙasar Yawuri inda da damina sai a kwalekwale ake shiga, ya ɗora kekensa a ciki ya ƙetare. Gindin tsamiya ne ajinsa, allon kuwa da garin tsohon batir yake baƙanta shi. Lokacin duk muna jihar Sakkwato, sai a 1991 aka yanke Kebbi. Ya cika shekara 35 ɗin da doka ta ce, ban taɓa jin ya nemi a sauya masa wurin aiki ba.

Direba, Kamba:
Na sha bulalarsa a kan lissafi. Yau ko a tsakiyar tasha ba mai cuta ta a canji. Allah ya jiƙan Malam.

Ungozoma, Jega:
Da na gama aji shida Baba ya ce karatu ya isa. Malam ya riƙa zuwa zaurenmu bayan isha'i, ba gardama, ba ɗaga murya. Abin da yake tambaya kawai shi ne, in matarka ta zo haihuwa, wa kake so ya karɓe ta? Da haka Baba ya sakko. Da ciwo ya kwantar da Malam ina zuwa auna masa jini, ya kama hannuna da hagunsa ya daɗe bai saki ba.

Maƙwabci, Argungu:
Wajen alwalar asuba ya faɗi. Hawan jini ne, ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke sai kaɗan. An yi ta kai shi Sakkwato gashi, kuɗin mota da na magani kuwa sun fi ƙarfin fanshonsa. Amma jama'a, a riƙa sa Inna, matarsa, a addu'a. Ita ce ke juya shi dare da rana don kada kwanciya ta ci masa baya, ita ke ba shi kunu cokali-cokali, awakinta duk sun tafi a magani. Shekarun nan ko biki ba ta fita. Da la'asar mukan fito da shi kan tabarma, yaran unguwa su kawo aikin gida, in sun yi kuskure ya girgiza kai ya gyara musu da yatsa a ƙasa.

'Yarsa:
Kawu, yayyena, mun gode, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Inna duka, ta yi kuka. Allah ya sa jinyar Baba ta zama kaffara. Muna roƙon duk wanda ya saɓa wa ya yafe masa, wanda ke bin sa bashi kuma ya samu Yaya a wurin zaman makoki kafin addu'ar uku.