Bayan horon aiki a otal: me ya riƙe ku a fannin?

Ɗalibar aji uku:
Assalamu alaikum. Ina karatun kula da otal da yawon buɗe ido, kwanan nan na gama horon aiki na wata shida. Son tafiye-tafiye da hulɗa da baƙi ne ya kawo ni fannin. Sai ga shi wata huɗu cur a sashen gyaran ɗakuna aka ajiye ni: ɗaki 14 a yini, sauya zanen gado, wanke banɗaki, sannan mai duba aiki ta biyo baya tana shafa yatsa a saman madubi ko za ta ga ƙura. Na koma aji gwiwata a sanyaye. Yayyena da kuka riga ni, me ya sa kuka tsaya?

Mai aikin dare:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni a teburin karɓar baƙi aka sa ni, daga 11 na dare zuwa 7 na safe. Makonnin farko barci kawai nake yaƙi da shi. Wani dattijo da muke kwana tare ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake rufe lissafin yini: a daidaita kuɗin ɗakuna da na ɗakin cin abinci, a ga ɗaki nawa aka kwana a ciki, a fitar da matsakaicin farashin ɗaki. Shi ya ganar da ni cewa ɗakin da ya kwana babu kowa, kuɗinsa na wannan dare ya tafi ke nan har abada, shi ya sa farashi ke hawa da sauka, har wani lokaci otal ya karɓi ajiyar ɗakuna fiye da waɗanda yake da su, don ya san wasu ba za su zo ba. Daga ranar na fara ganin kasuwancin da ke bayan murmushin nan da muke yi wa baƙi. Da ban haɗu da mutumin ba, wallahi da na gudu.

Wadda ta sauya hanya:
Ni kam na bari, kuma ba zan ɓoye dalili ba. Na gama karatu a 2020, shekarar korona, lokacin da masu yawon buɗe ido tsakanin ƙasashe suka ragu da fiye da kashi 70 cikin 100. Otal ɗin da ya yi mini alkawarin aiki ya rufe. Ko kafin nan ma aikin tsinke-tsinke ya gajiyar da ni: ki zo da safe, a sallame ki da rana, ki dawo da yamma, ranar hutun kowa kuma ita ce ranar da aiki ya fi yawa. Yanzu ina sashen kula da abokan ciniki a wani kamfani. Iya lallashin mutumin da ya fusata, a otal na koya shi.

Ɗan kicin:
Tsawar shugaban masu girki ta kusa kore ni. Na zauna ne domin kowane wata ina ganin hannuna yana ƙara gwaninta. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wasu 'yan'uwa da ke cewa duk karatun nan a yi wa mutane hidima zai ƙare.

Ɗalibar aji uku:
Na gode ƙwarai. Anti, maganarki ta taɓa ni, don ranakun hutun nan su ma suna damuna. Amma Yaya mai aikin dare ya sa na lura cewa a wata shidan nan ba wanda ya taɓa bayyana mini dalilin aikin da nake yi, umarni kawai ake ba ni. Saura mini horo ɗaya kafin in gama. Yaya, idan na nemi a sa ni a teburin karɓar baƙi, wajen manajan sashen zan je ko ofishin kula da ma'aikata?